Wata Shida Ba Ruwa: Hakkin Jariri Yana Wuyan Kowa

A yawancin gidajenmu, da zarar an haifi jariri, kafin ma ya kama nono, sai ka ga an kawo ɗan cokali da kofi ana ɗura masa ruwa. In ka tambayi dalili, sai a ce maka ai ƙasarmu akwai zafi, kuma duk mai rai yana jin ƙishirwa. Masu faɗin haka ba mugunta ce ta sa su ba, ƙauna ce da tausayi. Amma fa wannan ɗan ruwa da ake ganin ba kome ba ne, shi ne ƙofar da gudawa da rama suke bi su shiga jikin yaro, saboda haka lalle ne mu tsaya mu dubi al'amarin da idon basira.

Tun cikin shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6, watau ba ruwa, ba jiƙo, ba koko, in ban da maganin da likita ya rubuta. Dalilin a fili yake. Kusan kashi 87 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta wanda ƙuda bai taɓa ba. Cikin jariri kuwa ɗan mitsitsi ne. In aka cika shi da ruwan rijiya ko na randa, sai yaro ya rage tsotso, kuma da yake tsotson ne ke sa nono ya kawo, sai nonon ya ja baya. Daga nan a ce uwa ba ta da isasshen nono, alhali kuwa da hannunmu muka jawo.

Haka kuma zancen dakashi, watau nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, wanda a wasu gidaje ake matsewa a zubar, wai ƙazanta ne. Masana sun tabbatar shi ne rigakafin farko da yaro ke samu, domin yana cike da sinadaran da ke kare hanjinsa daga cututtuka. Shi ya sa ake so a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa cikin sa'a guda da haihuwa.

To ina muka kwana a nan Nijeriya? Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2013 ya nuna kashi 17 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata 6 ba suke shan nono zalla. Na 2018 ya nuna adadin ya hau zuwa kashi 29. An samu ci gaba, amma har a lokacin jarirai 7 cikin 10 ba su samu wannan gata ba. Shi dai binciken na 2018 ya gano kashi 37 cikin ɗari na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun tsumbure, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi.

An saba ɗora laifin a kan uwa, a tara mata a asibiti ranar awo a yi ta yi musu wa'azi. Mu kuwa a ganinmu wannan bai wadatar ba, domin mai jego, musamman mai haihuwar fari, ba ita ke da ta cewa a kan jaririnta ba. Kaka ce ke wanka, ita ke ba da jiƙo, kuma wace yarinya ce za ta ɗaga ido ta musa wa uwar mijinta? Saboda haka wajibi ne malaman asibiti da ungozoma su kai wannan bayani ga kakanni cikin ladabi da girmamawa. Maigida kuma ya san cewa aikinsa bai ƙare a kan ragon suna ba. Shi ne zai ciyar da mai shayarwa ta ƙoshi, ya rage mata wahalar ɗiban ruwa da neman itace, ya kuma tsaya mata in an matsa sai an ba yaro ruwa.

Sai kuma hukuma. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12 ne kurum. Yaya za a ce wa mace ta shayar wata 6 ba ƙaƙƙautawa, sa'an nan a kira ta bakin aiki bayan wata 3? Jihar Legas ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata 6 a 2014, Jihar Kaduna ta yi haka a 2019. Abin da waɗannan suka iya, sauran jihohi da kamfanoni ma za su iya, in da niyya.

Batun madarar gwangwani ma yana bukatar sa ido. A 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'idojin hana tallar madarar jarirai, ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta kafa tata dokar mai lamba 41 a 1990, hukumar NAFDAC ce kuma ke da alhakin tsare ta. Madarar gwangwani tana da ranarta, kamar ga maraya ko wanda uwarsa ke fama da ciwo, bisa shawarar likita. Amma a gidan da babu tsabtataccen ruwa, kuma tsada ta sa ana tsinka madarar domin gwangwani ya daɗe, bulumboti guba ne.

In yaro ya cika wata 6, nono kaɗai ba ya isarsa, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai gina jini. A nan ma muna da gyara. Koko tsararo da ake ɗura wa yara ruwa ne kawai mai cika ciki. Abin da ake so shi ne kunu mai kauri wanda zai zauna a cokali, a haɗa shi da gyaɗa ko waken soya, a ƙara da wake, da ƙwai, da kifi, da hanta, da ganyen zogale, da ɗan manja, duk a dafa a murƙushe su da kyau. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 a kai sau 3 ko 4, nono kuma ya ci gaba har shekara 2. Camfin da ake yi wai ƙwai yana sa yaro sata ba shi da tushe. Zuma kuwa, duk da amfaninta ga manya, a dakata da ita sai yaro ya shekara, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba.

Mai karatu zai lura cewa babu ko ɗaya cikin waɗannan abubuwa da sai an yi odarsa daga ƙasashen waje. Duk suna nan a gonakinmu da kasuwanninmu. Abin da ya rage shi ne maigida, da kaka, da ungozoma, da shugaban ma'aikata, da 'yan majalisa, kowa ya ɗauki nasa kason, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya raya mana zuriyarmu cikin ƙoshin lafiya, amin.