Kurjin da Ba Ya Ciwo



Kwanakin baya wata ɗalibata ta ajin matan aure nan Jabo ta tsayar da ni bayan an tashi. Wai kurji ne ya fito wa surukarta a kunci, cikin wata biyu ya kai girman goro, har ana shirin kiran wanzami ya yi masa sakiya. Na ce, yana mata ciwo? Ta ce, ko kaɗan, Malama. Nan gabana ya faɗi.

Kin dai san halin maruru: zafi da zogi, ya nuna ya fashe. Amma kurji mai tauri da sheƙi, yana girma da sauri ba zafi ba ruwa, wannan ya fi ƙarfin aska. Akwai wata sankarar fata da ake kira Merkel, wadda likita Cyril Toker ya fara bayaninta a 1972. Ba ta da yawa, balle ga baƙar fata, sai dai tana saurin yaɗuwa, har kaluluwa ta taso a wuya ko hamata. Ta fi kama wanda ya haura shekara 50, da wanda rana ta daɗe tana duka, da mai raunin garkuwar jiki.

Ido ba ya tantance ta, ko da na likita ne. Sai an ɗebi ɗan yankin kurjin an kai ɗakin gwaji, an sa masa rini na musamman an duba da na'ura, domin tana kama da wasu nau'o'in sankara, har da ta huhu. Na san ana cewa wai idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Wannan maganar ta sa gidaje da dama sun zauna jiran tsammani, alhali jinkirin ne yake ba cutar fili.

Ki fara da babban asibitin Tambuwal, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kuma ki koma ki karɓi sakamako, kada rauni ya warke a manta da takarda. Haka za ki yi wa tsohon tabon ƙuna da ya zama gyambo, da baƙin tabo mai faɗaɗa a tafin ƙafa, da duk wani miki a jikin zabiya da ya ƙi warkewa.

Ita ɗalibar tawa ta shawo kan maigidanta, an fasa sakiya. An ɗebi yankin, suna jiran sakamako. Allah Ya sa mu ji alheri.