Raddi ga masu cewa Memories of the Alhambra tatsuniyar aljanu ce

Tun da finafinan Koriya suka cika wayoyin matasan Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, ake samun masu yi wa Memories of the Alhambra hukunci a taƙaice: wai labarin aljanu ne da aka sa wa rigar kwamfuta, ya wulaƙanta tarihin Musulmi, kuma ba ruwan Bakatsine da shi. Hujja uku ke nan, kuma ba wadda ta tsaya da ƙafarta.

Tashar tvN ce ta nuna shirin daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019, kashi 16, Song Jae-jung ta rubuta. Hyun Bin ya fito a matsayin Yoo Jin-woo, shugaban kamfanin zuba jari da ya je Granada ta Sifen neman wani yaro mai suna Se-joo, wanda ya ƙirƙiri wasan da ake yi da ɗan gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido. Da an sa, sai mayaƙa masu takubba su bayyana a kan titin da mutum yake tsaye.

A nan masu zancen aljanu suka yi tuntuɓe. Ɗora hoton kwamfuta a kan abin da ido ke gani ba gaibu ba ne. A 2016 wasan Pokémon Go ya fitar da miliyoyin mutane kan tituna suna farautar halittun da ba a ganinsu sai ta waya. Gilashin idon ma an gwada: kamfanin Mojo Vision na Amurka ya yi shekaru a kansa kafin ya ajiye aikin a Janairu 2023. Marubuciyar ta ɗan riga injiniyoyi ne kawai.

Zargi na biyu ya fi nauyi, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Alhambra fadar sarakunan Banu Nasr ce, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a 1492. Shirin ya ɗaura ƙullin labarinsa a kan Ƙofar Adalci da Sarki Yusuf na ɗaya ya gina a 1348, inda aka sassaƙa tafin hannu a bakan waje da mabuɗi a na ciki. Waɗannan alamu suna nan har gobe, ba ƙagen Koriyawa ba ne. Gaskiya ne cewa a cikin wasan, sojan Banu Nasr ya zama abokin gaban da ake sara don a hau mataki, kuma mai jin zafin wannan bai yi laifi ba. Amma wulaƙanci daban, rashin zurfafawa daban. Shirin ya ɗauki Andalus ado, bai yi mata ba'a ba, kuma yaron da bai taɓa jin sunan Granada a aji ba ya ji shi a nan.

Da masu sukar sun kalla har ƙarshe, da sun sami aibin gaske. Cha Hyung-seok, abokin hamayyar Jin-woo, ya sha kaye a wasa, sai aka tsinci gawarsa a zahiri, kuma har aka gama ba a bayyana yadda takobin hoto ke kashe mai jini ba. An ce kuskuren manhaja ne, shi ke nan. Rabin ƙarshe ya cika da maimaita abin da aka riga aka gani. Jaruma Park Shin-hye kuwa, an ba ta matsayin Hee-joo, mai gidan baƙi da ke riƙe da iyali ita kaɗai, sannan aka bar ta da kuka da jira.

Saura batun cewa ba ruwan Katsina. Garin da ke da hasumiyar Gobarau, wanda Shehu al-Maghili ya sauka a cikinsa a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin da Granada ke faɗuwa, kuma wanda yawancin ganuwarsa ta zube, shi ya fi kowa buƙatar fasahar da za ta sa a tsaya a Ƙofar Sauri a ga yadda ginin yake a da. Wannan aiki ne da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya farawa da waya. Malamai ma tambaya kan irin wannan fasahar ta iso gare su: bayan Saudiyya ta ƙaddamar da kallon Hajarul Aswad ta tabarau a ƙarshen 2021, hukumar addini ta Turkiyya ta fito ta ce wannan ba ya zama aikin hajji.

Shiri ne mai ƙarfin farko da raunin ƙarshe. A soke shi a kan wannan, a bar aljanu su huta.