Abokinka Shi Ne Wanda Ya Taya Ka Ɗaukar Kaya



Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Ƙaura Namoda, ko wanda ya tashi daga Ƙaura ya nufi Shinkafi ko Zurmi, ya saba ganin soja a shingen bincike. An yi rundunar Harbin Kunama a 2016, aka yi Sharan Daji, aka yi Hadarin Daji, yanzu kuma ana Fansan Yamma. Suna yana canzawa, amma wanda ke tsaye cikin rana da bindiga a kafaɗa, yawanci saurayi ne sa'anmu, wasu ma daga ikilisiyoyinmu suka fito. In ka zauna da wanda ya taɓa sa kaki, za ka lura hirarsa ba ta daɗewa a kan bindiga. Nan da nan take komawa kan mutane: wane ne ya raba ruwan gorarsa biyu, wane ne ya karɓi gadin wani ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Daga bakinsu muka ɗauko abin da muke so mu faɗa yau: abotar da ke jure wahala, a wurin aiki tare ake samunta, kuma aikin da ba a gani ba ya kasa wanda ake tafa wa.

Mu fara da Zariya. Tun 1924 Depo na soja yake can, inda ake horar da kurata na tsawon wata shida. Kurtu ba ya zaɓen wanda zai kwana kusa da shi. Ɗan Zuru, ɗan Langtang, Bakano da ɗan Ogoja, Kirista da Musulmi, aski ɗaya, kwano iri ɗaya, gudun asuba ɗaya. In mutum ɗaya ya makara fareti, sau da yawa dukan rukunin ne ke shan horo. Da farko wannan yana kama da zalunci. Amma dalilinsa shi ne a dasa wa kurtu sanin cewa lalacinsa ba a kansa kaɗai yake ƙarewa ba. Mai gadin da ya yi gyangyaɗi a daji, rayukan waɗanda suka yi barci don sun amince da shi ne ya sa a caca. Waɗannan samari ba don jininsu ya haɗu suka zama abokai ba. Sun sha wuya tare tukuna, kowa ya ga halin ɗan'uwansa lokacin yunwa da gajiya, sa'an nan ƙauna ta biyo baya.

Kakanninmu sun san wannan. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, kuma Hausa ce harshen da sojojin Nijeriya da yawa ke amfani da shi a tsakaninsu. A dazuzzukan da mota ba ta shiga, dubban 'yan dako ne, sojoji marasa bindiga, suke ɗaukar abinci da albarusai a ka, kamar yadda ɗan dako ke sungumar buhun gero a Kasuwar Daji. Ba su ne ake yi wa kirari ba, amma da sun ajiye kaya, da mai bindiga bai yi kwana uku a tsaye ba.

A can ne kuma, cikin Maris 1944, sojojin Japan suka kai farmaki a bakin kogin Kaladan, suka bar wani matashin Nijeriya mai aikin jinya, Isaac Fadoyebo, da mummunan rauni a ƙafa. Ya tsira tare da David Kargbo, sojan Saliyo wanda shi ma ya ji rauni. Wani Musulmi ɗan ƙauye mai suna Shuyiman ya riƙa ciyar da su, daga baya ya ɓoye su a gidansa, ko da yake ya san in aka gane, ransa ne a bakinsa. Sai a Disamba aka ceto su. Mutum uku, ƙasa uku, ba dangin iya ba na baba. Abin da ya haɗa su shi ne ɗaya ya ga nauyin ɗan'uwansa, ya sa kafaɗa.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna mana haka. A 1 Sama'ila sura 30, Dauda da mutanensa 600 suka komo Ziklag suka tarar Amalekawa sun ƙone garin, sun kwashe mata da yara. Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a fassara mana zafin wannan. Suka bi sawu, amma a rafin Besor mutum 200 suka gaji har suka kasa hayewa, aka bar su wurin kaya. Sauran 400 suka ci gaba, suka ƙwato kome. Da aka dawo, wasu suka ce kada a ba waɗanda suka tsaya kome daga ganima, kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kama gabansa. Dauda ya ƙi. Ya tuna musu Ubangiji ne ya ba da nasarar, ya kafa doka cewa rabon wanda ya shiga yaƙi da na wanda ya tsare kaya ɗaya ne. Ku lura, Dauda bai jefar da waɗanda suka gaji ba, bai kuma bar su zaune haka kawai ba. Akwai aikin da ƙarfinsu zai iya, kuma an lissafta shi aiki.

To, ina wannan ya shafe mu? A zamanin nan ana neman abota ta wurin hira da dariya da hotuna, sa'an nan a yi tsammanin za ta ɗauki nauyi ranar masifa. Satumba 2021 ta gwada wannan. Aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Abokan Facebook da WhatsApp suka ɓace dare ɗaya. Wanda ya rage shi ne wanda ya tako da ƙafarsa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, kun kwana lafiya, akwai abin dafawa? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ƙungiyarmu ma sunanta zumunta. In ba ta da ƙafa, suna ne kawai.

Haka ma batun ƙoƙari. Kowa na son riƙe makirufo, kowa na son a gan shi a gaban mawaƙa. Amma wa ke share majami'a ranar Asabar? Wa ke jera benci, ya ɗebo ruwa, ya zuba wa janareta mai, ya zauna da yara a makarantar Lahadi, ya tsaya a bakin ƙofa yana lura da masu shigowa har a tashi sujada? Waɗannan su ne masu tsaron kaya. Zumuntar da ke girmama mai waƙa ta manta da mai shara, ta ɗauki ra'ayin mutanen da Dauda ya tsawata wa.

Wani zai ce, ai soja dole ce ta sa shi, umarni yake bi, albashi yake karɓa. Gaskiya ne. Amma umarni na iya sa ka tsaya a layi, ba ya iya sa ka koma cikin ruwan harsashi ka jawo wanda ya faɗi. Wannan daga zuciya yake fitowa. In har waɗanda doka ta haɗa za su kai nan, yaya mu da muke cewa jinin Almasihu ne ya haɗa mu?

Wani kuma zai ce, irin wannan riƙon amana yakan zama rufa wa juna asiri a kan mugunta. Wannan ma gaskiya ne, kuma Dauda ɗin nan shi ne shaida. Uriya ya ƙi kwana a gidansa don abokansa na kwana a fili, amma da umarnin sarki Yowab ya tura shi inda yaƙi ya fi zafi, ya mutu. Biyayyar da ba ta tsoron Allah takan zama cin amana. Saboda haka abokin da ya ce ka raka shi kai wa mutanen daji man fetur ko labari don kuɗin a-ci-yanzu, ba abokinka ba ne, kuma yin shiru a kansa ba ƙauna ba ce. Ka ja shi gefe ka gaya masa gaskiya, in ya ƙi ji, ka sanar da manya kafin ya jawo wa gari kuka.

Ga abin da muke roƙon kowane reshe na zumunta ya yi. A farfaɗo da gayya: gonar gwauruwa, ta matar sojan da ke bakin aiki, ta iyalin da aka raba da ƙauyensu, a shiga a nome inda hali ya ba da dama, ba tare da tambayar wace majami'a ko wane masallaci mai gonar ke zuwa ba. A yi jadawalin aikin majami'a yadda shugaban matasa ma zai riƙe tsintsiya. A haɗa mu biyu-biyu, kowa ya san wanda zai nema in bai gan shi ranar Lahadi ba. A rubuta sunayen 'yan'uwanmu da ke aikin soja da sauran aikin tsaro, a riƙa kiransu, a leƙa iyayensu, kada a jira sai 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Wanda ya gaji a cikinmu, ko don rashin aiki, ko rashin kuɗin makaranta, ko baƙin cikin wanda aka sace, kada a ce ya ja baya. A ba shi kayan da zai iya tsarewa, a ajiye masa rabonsa.

Yesu ya kira almajiransa abokai a daren da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafunsu, washegari ya ɗauki gicciye. Mu duba makon nan, kayan wa za mu taya ɗauka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare sojojinmu da dukan masu tsaron hanyoyinmu, ka ta'azantar da iyalan waɗanda suka kwanta dama, ka komo da waɗanda ke hannun masu garkuwa. Ka ba mu zuciyar da ba ta raina ƙaramin aiki, da ƙafar da ba ta ƙyashin zuwa wurin ɗan'uwa. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.