Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato, Alhaji Ahmad Aliyu



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan ƙungiyoyin iyaye mata na makarantunmu na firamare, waɗanda suke ɗauke da wani nauyi na gwamnati ba tare da ko sisin gwamnati a hannunsu ba.

Tun 2004 dokar UBE ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ga namiji da mace. To amma doka iyakarta zaure, haka ma hedimasta. Wadda take sallama ta wuce har tsakar gida mace ce, ita ce za ta zauna da uwar yarinya ta ji gaskiyar dalilin da ya sa kwana biyu ba a ga ɗiyarta a aji ba. Sau da yawa ba ƙin boko ba ne. Talla ce. Da ribar farantin nan ake cefane, da ita ake tara kuɗin kayan ɗaki, kuma uwar da ba ta da jari ba za ta sauke shi daga kan ɗiyarta don an yi mata wa'azi ba. Matan nan sun san haka, shi ya sa suke zuba adashe su ba uwa ɗan jari, su ɗinka wa marainiya yunifom, su raka wadda aka yi wa aure ta koma aji bayan sun lallashi miji da uwar miji. Wannan lallashin kuwa yakan ci watanni, kuma babu mai biyansu.

Ranka ya daɗe, a garin nan aka fara wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, ta ɗora mata malfa, jajin ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa ɗaukar karatu, su koma su koyar da 'yan'uwansu. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 tana kan wannan turba da makarantunta. Saboda haka duk wanda ya ce Turawa ne suka kawo mana fitar mata neman ilimi, bai san tarihin garinsu ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, ƙarfin da ƙungiyoyin suka samu a baya-bayan nan daga waje ya zo. Shirin GEP3 na UNICEF, da kuɗin Birtaniya, ya yi aiki daga 2012 zuwa 2022 a jihohi shida har da tamu, kuma a ƙarƙashinsa an taɓa ba iyaye mata naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya da ta isa zuwa makaranta. Shirin ya ƙare. Matan suna nan, talauci ma yana nan, ya kuma ƙaru.

Roƙona shi ne a ware musu kaso da sunansu a kasafin ilimi, ya shiga asusun kowace ƙungiya kai tsaye, kada ya bi ta hannun 'yan siyasar mazaɓa. A kwamitin kula da makaranta kuma, a ba wakiliyarsu hannu a fitar da kuɗi. Zaman da ake gayyatarta don a cika lissafi ba ya gina banɗaki, alhali rashin banɗakin 'yan mata na daga abin da yake korar yarinya da zarar ta fara girma. A ƙara malamai mata a karkara, domin akwai uban da sai ya ga malama hankalinsa yake kwanciya.

Kafin a rufe kasafin baɗi, ranka ya daɗe, ka kira shugabannin ƙungiyoyin nan daga ƙananan hukumomi 23, ka ji daga bakinsu.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Wata uwa, 'yar ƙungiyar iyaye mata, Sakkwato.