Kuɗin Shiga Wuraren Yawon Buɗe Ido: Ko Matafiyi Yana Cin Moriyar Abin Da Ya Biya?

Kamar yadda masu bin hanyar Bauchi zuwa Gombe suka sani, idan aka iso garin Dindima akwai hanyar da ta ratse kudu zuwa Gandun Dajin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri. A wannan mararraba ne matafiyi da ya ɗauko iyalinsa yake yanke shawara, ko ya ratse ya biya kuɗin ƙofa, ko ya miƙe abinsa. Tun daga watan Mayu na shekarar 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, wannan shawara ta ƙara nauyi a kan mai ƙaramin ƙarfi, don haka muka ga ya dace mu duba lamarin da idon basira.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, kuɗin da ake karɓa a ƙofa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ɗawainiyar tafiyar. Daga Dindima zuwa babbar ƙofar gandun da ke ƙauyen Mainamaji akwai tafiyar kimanin kilomita 29, daga nan kuma zuwa masaukin Wikki akwai wajen kilomita 42. Ke nan wanda ya ratse zai ƙara wa tafiyarsa fiye da kilomita 140 zuwa da dawowa, kafin a zo maganar abinci, da kuɗin motar zagaya daji, da na ɗakin kwana. Mai korafi a kan tikitin ƙofa sau da yawa kuɗin mai ne ya fi cin aljihunsa, sai dai tikitin ne ake miƙa masa a hannu, shi ya sa a kansa fushin yake sauka.

To me ake samu bayan an biya? An keɓe dajin Yankari a shekarar 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma yana cikin 'yan wurare ƙalilan da suka rage a Nijeriya inda giwaye suke yawo a garke. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gadu da dorina, ga kogunan Marshall da tsofaffin rijiyoyin Dukkey. Sai kuma ruwan Wikki, wanda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, ɗuminsa bai cika gusawa daga ma'aunin zafi 31 ba, rani da damina. Gwaggon birai kuwa ba sai an neme su ba, domin su ne suke fara tarbar baƙo a masaukin, kuma duk wanda ya bar ƙunshin abincinsa a mota a buɗe ya san sauran labarin.

Sai dai amfanin wannan kuɗi ya danganta da lokaci. Da rani, musamman daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji, ganinsu ba ya wuya idan aka fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Da damina kuwa daji ya rufe, mutum yana iya zagayawa awa biyu bai ga komai ba sai ganye. A ra'ayinmu, matafiyin da yake da awa ɗaya ko biyu kacal, kuma rana ta take, gara ya wuce ya adana kuɗinsa har ranar da zai iya kwana. Wanda ya ware yini guda da dare ɗaya, ya zo da yara a lokacin da ya dace, da wuya ya koma yana da-na-sani.

Akwai masu cewa ai Dutsen Zuma da ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna ba wanda yake biyan ko kwabo kafin ya kalle shi. Gaskiya ne, amma dutse ba ya bukatar mai gadi. Giwa tana bukata. Masu gadin daji suna kwana a jeji suna fuskantar mafarauta masu ɗauke da bindigogi, ga makiyaya da ke kutsawa da shanu, ga hanyoyin cikin daji da ruwa yake ɓatawa kowace damina. Tun shekarar 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da gwamnatin jihar domin tallafa wa aikin sintiri, wanda hakan kaɗai ya nuna cewa abin da ake tarawa a ƙofa ba ya ɗaukar nauyin wurin.

Inda muke son jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai shi ne wajen mutanen da suke zaune a gefen gandun. Manomin da giwaye suka shiga gonarsa cikin dare suka tattake dawar da ya yi wata huɗu yana wahala a kanta, shi ne ya fi kowa biyan kuɗin Yankari, alhali ba shi da rasit. Muddin bai ga wata rijiya ko aji ko ɗakin shan magani da aka ce daga kuɗin baƙi aka yi ba, zai yi wuya a shawo kansa ya kai rahoton mafarauci, balle ya hana ɗansa shiga daji da tarko. Ya kamata a ware wani sanannen kaso na kuɗin ƙofa domin waɗannan ƙauyuka, a kuma riƙa bayyana shi a gaban masu unguwanni duk shekara.

Haka nan batun rasit. Babu abin da yake kashe wa matafiyi gwiwa kamar ya iso ƙofar wani wuri ya tarar ba allon farashi, wannan ya faɗi nasa, wancan ya ƙara na mota, wani kuma ya ce sai an biya na ɗaukar hoto. Wannan ya shafi kowane wurin ziyara, daga magangarar ruwa ta Gurara a Jihar Neja har zuwa Gidan Makama a Kano da rijiyar Kusugu a Daura. A kafa allo da Hausa da Turanci tun daga bakin babbar hanya, a rubuta kuɗin babba da na yaro da na ɗalibi, domin mai tafiya ya yi lissafinsa kafin ya ƙona mai. A sassauta wa 'yan makarantun firamare na yankin, waɗanda da yawansu an haife su kusa da dajin amma ba su taɓa tsoma ƙafa a ruwan Wikki ba. Su kuma matafiya, duk abin da suka biya su nemi rasit mai hatimin hukuma, kada su yarda da takardar da aka rubuta da hannu.