Hanyoyin Keke a Fadamar Ingila: Ƙasa Tana Nitsewa

Masu hawan keke a Ingila ba su da wurin da ya kai yankin Fens, a gabashin ƙasar, sauƙin tafiya, domin shimfiɗe yake kamar faifai. Hanya mai lamba 11, cikin hanyoyin keke na ƙasa da aka soma shatawa a 1995, ta ratsa yankin daga Kambirij zuwa Ely.

Amma fa ƙasar tana nitsewa. Asalinta fadama ce, aka janye ruwanta a ƙarni na 17 saboda noma. Ruɓaɓɓen ciyayi ne ya yi ta, in ta bushe sai ta motse. Turken ƙarfen da aka binne har kansa a Holme wajen 1851, yanzu ya fito kimanin ƙafa 13. Haka tituna suke lotsawa suna tsagewa, kuma mai keke ne ke fara faɗuwa, tun da siririyar taya ba ta jimre rami.

Faci ba zai warware matsalar ba. Tilas hukuma ta zaɓa: ko a ci gaba da janye ruwa manoma su amfana, tituna su lalace, ko kuwa a mayar da wani sashe fadama, kamar yadda shirin Great Fen ya soma a 2001.