Ma'ajiyar Sunayen Intanet: A Yi Sulhu da Mai Kula da Layi

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ɗalibi a wata makarantar sakandare ta Takur ya rubuta jamb.gov.ng, sai na'urarsa ta aika tambaya wajen uwar garke tana neman lambar da ta dace da wannan suna. Wannan tsari shi ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka cikin 1983. To, a ɗakin da kwamfutoci talatin ke rataye a wuyan rauta guda mai ɗauke da layin waya, tambaya ɗaya na iya fita sau talatin, kowane karo kuwa sai an jira amsa.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna dnsmasq, wadda Simon Kelley ya fitar a 2001, mai ajiye amsar da aka samo domin ta miƙa wa mai tambaya na biyu nan take. Sunaye 150 take riƙewa idan ba a ƙara mata ba, kuma kowace amsa na zuwa da wa'adin da za ta daɗe a ajiye. Ba ta ƙara wa layi ƙarfi, kada a ruɗi shugaban makaranta da haka; jiran da ake yi kafin shafi ya fara buɗewa kaɗai take ragewa.

Sai dai fa a nan rigima take. A kwamfutocin Linux, adireshin wanda za a tambaya yana cikin fayil ɗin /etc/resolv.conf. Malami zai rubuta 127.0.0.1 a ciki, wato kwamfutar ta tambayi kanta, ya tafi gida da murna. Da zarar an ɗauke wuta an dawo da ita, sai NetworkManager, manhajar da Red Hat ta fitar a 2004 domin haɗa na'ura da layi ba tare da sa hannu ba, ta share rubutunsa ta maye da adireshin da rauta ta ba ta. Aikinta ke nan, ba ɓarna ta yi ba.

Wasu kan kulle fayil ɗin don kada a sake taɓa shi. Wannan gurguwar dabara ce. Ranar da aka ɗauki kwamfutar zuwa wani layin, a ce na Jami'ar Tarayya ta Dutse, tana iya kasa gane sunayen cikin gida na wurin, mai ita kuwa ya manta da kullen da ya yi. Abin da ya dace shi ne a sanar da mai kula da layin: a rubuta dns=dnsmasq a babban sashen fayil ɗin NetworkManager.conf. Daga nan ita da kanta za ta riƙa tayar da ma'ajiyar, tana miƙa mata sabon adireshi duk lokacin da layi ya sauya. Amma a fara dubawa tukuna, domin Ubuntu ta yanzu tana zuwa da nata mai ajiya a 127.0.0.53.

A ɗakin kwamfuta na makaranta kuwa, gara a ware na'ura guda ta riƙe ma'ajiyar kowa, ta kuma raba wa sauran adireshi, tunda dnsmasq ta iya aikin biyu. Sharaɗi ɗaya ne: a kashe rabon adireshi na rauta, domin masu rabo biyu a layi guda rikita ɗakin za su yi.